Tsagen Rijiyar Kufai

A shekarar da idona ya fara ba ni wahala na koma ƙauyenmu, can ta wajen Mairuwa. Tela ne ni a Funtua, aikin zare nake yi a wuyan riguna, kuma abin ya kai idan na sunkuya kan keke sai allura ta zame mini biyu. Likita ya ce in ajiye aikin na ɗan lokaci, in riƙa kallon abu mai nisa. To a Funtua ina abin da ke nesa? Duk inda ka ɗaga kai bango ne ko mota. Sai na bar shagon a hannun ƙanena, na bar maiɗakina da yara, na ce zan je gida in yi 'yan makonni. Ban dawo ba sai da damina ta zauna.

Duk danginmu manoma ne, in ban da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shi masunci ne. Tun yana saurayi ya bi wasu masunta baƙi da suka zo dam ɗin da ke bayan garinmu, suka koya masa sana'ar, suka tafi suka bar shi a kanta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya dube ni ya ce, “In nesa kake son gani, gobe ka zo mu shiga ruwa.”

Haka na zama ɗan zaman gaban kwalekwale ina da shekara arba'in da wani abu. Da sassafe mukan ɗaga kalli, ragar kifin da ya kafa tun jiya, mu bi igiyar ƙugiyoyi mu cire tarwaɗa. Kafin hantsi ya dubi ludayi masu babura sun zo bakin ruwa sun kwashe abin da aka samu zuwa Funtua, mata masu suya sun ɗauki ƙananan karfasa, kowa ya watse. A nan ne aikin sauran masunta yake ƙarewa. Shi kuwa Kawu sai ya sha fura, ya wanke baki, ya ce mini, “Hau.”

Sai mu nufi ƙetare. Wancan gefen dam ɗin ba kowa ke zuwa ba. Da akwai unguwanni a can, amma halin da ake ciki na mutanen daji ya sa kusan duk sun tashi, wasu sun dawo cikin gari, wasu sun yi Faskari. Idan ka matsa kusa za ka ga dangogi sun zube, rumbuna a tsaye ba jinka, ba kukan jaki, ba ƙarar turmi. Da rana tsaka wurin yakan yi tsit, har ka riƙa jin ruwa na ɗiga daga filafilin tuƙi.

A can Kawu yake fito da kayan da ba ya bari sauran masunta su taɓa. Cokali ne na ƙarfe da ya yanke wa mariƙi, ya bubbuga shi ya ɗan lanƙwasa, ya goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Ya ɗaura masa ƙugiya mai baki uku, sannan tsakanin cokalin da zaren ya sa wayar birkin keke kamar kamu biyu.

Na ce, “Kawu, wannan wayar fa?”

Ya ce, “Haƙori.”

Tsage yake nema. Ni a lokacin sunan kawai na sani. Kifi ne na manyan koguna, dogo, mai jiki kamar azurfa da ratsin baƙi a gefe, haƙoransa a waje suke ko ya rufe baki, kuma ba ya cin komai sai 'yan uwansa kifaye. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne babu wanda ya taɓa kama ƙaramin tsage a dam ɗinmu, ko a kalli ko a birgi, ragar da ake jefawa. Ba a taɓa ganin biyu tare ba. Guda ɗaya ne, babba, kuma ba wanda zai gaya maka ta inda ya shigo. Masunta sun san da shi saboda ɓarnarsa: su ɗaga kalli su tarar da karfasa rabi, an datse ta kamar da almakashi.

Kawu yakan tsaya a bayan kwalekwale ya wulwula cokalin ya jefa nesa, sannan ya riƙa jawo zaren a hankali yana naɗewa a jikin gwangwani. Cokalin na tafe cikin ruwa yana juyi yana walƙiya kamar ƙaramin kifi mai rauni. In ya iso, ya sake jefawa. Haka za a yi ta yi har azahar, ba magana, ba kifi. Shekaru ya yi yana wannan. Matarsa ta daina tambaya, abokansa sun daina tsokana.

Na yi kwanaki ina ganin abin kamar ɓata lokaci, har ranar da na ga kifin. Ruwan ya kwanta, ko iska babu. Cokalin ya taho har ya kusa jikin kwalekwale, sai na ga wata inuwa a bayansa, doguwa, tana tafe ba tare da ta motsa ba. Na ɗauka idona ne. Na murza shi na sake dubawa. Inuwar ta ɗago sama kaɗan, sai ga kai, sai ga haƙora, sai ga ido ɗaya mai zagayen ja. Da na tsaya kusa da shi a tudu zai kai mini ƙugu.

Kawu ya rage murya ya ce, “Kar ka motsa.”

Ya riƙa kewaya cokalin a gefen kwalekwale, a gaban bakin kifin. Kifin bai ko kula shi ba. Ya ɗan karkata jiki gefe guda, idon nan ya dubo sama. Ba cokalin yake kallo ba, Kawu yake kallo. Na san yadda wannan maganar take a kunne, kuma na san idona ba lafiya gare shi ba a lokacin, amma abin da na gani ke nan. Ya daɗe a haka, sannan ya nutse a hankali, ba juyawa ya yi ba, sauka kawai ya yi kamar ana jan shi daga ƙasa, har ruwan ya rufe.

Kawu ya fara naɗe zaren. Na ce, “Kullum haka yake yi?”

Ya ce, “Ba kullum ba. In ya ga dama.”

“Bai taɓa kamawa ba?”

“Bai taɓa ba. Rakiya kawai yake yi mini.”

Mutum ɗaya ne ya rage a ƙetaren, wani tsoho Bamaguje da duk muke kira Baba. Abokin kakana ne na wajen uwa, tare suka yi farauta a zamaninsu. Da girmansa ya shiga addinin Kirista, 'ya'yansa duk sun watse cikin garuruwa, matarsa ta rasu, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Yana da bukka biyu a kan wani tudu, da awaki kaɗan, da kare tsoho wanda ba ya haushi. Duk ranar da muka ƙetara, Kawu yakan kai masa kifi da gishiri da ƙullin taba, mu zauna a inuwar tsamiyarsa mu yi sallar azahar. Shi yakan kawo mana ruwan alwala da kansa a ƙwarya, ya koma gefe ya zauna har mu idar.

Ranar da na ga kifin na kasa yin shiru, na ba shi labari. Ya saurara yana murza taba a tafin hannu. Da na gama ya ce, “A ina kunka gane shi?”

Kawu ya nuna masa da baki, can daidai inda wani busasshen reshe ya ɗan leƙo daga ruwa.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Ƙofar gidanmu ke nan. Wanga reshe na kukar bakin rijiyarmu ne.”

A ranar na fara sanin cewa akwai gari a ƙarƙashin ruwan da muke yawo a kai. Kafin a tare rafin, unguwarsu Baba a kwarin take. Da aka zo yin dam aka tashe su, suka hau tudu, ruwa ya bi gidajen da gonakin da kaburburan ya shafe. Yana saurayi aka yi abin. Ya ce rijiyar tasu ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da aka yi fari har shanu suna faɗuwa, domin ido gare ta a ƙasa. Ya ce kowace shekara kafin shuka kakansa yakan yanka baƙin bunsuru a bakinta.

Na ce, “Baba, kana nufin kifin nan yana da alaƙa da wannan?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, “Ni ban ce ba. Kifi kifi ne. Ni dai na faɗa maka abin da ke wurin.”

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Daminar da ta wuce ba ta yi ƙarfi ba, ga masu noman rani sun jera injuna a bakin dam suna zuƙa dare da rana. Ruwa ya riƙa ja da baya, kullum sai mun ƙara tafiya a ƙasa kafin mu kai inda kwalekwale yake. Tsofaffin gari suka ce ba su taɓa ganin ya sauka haka ba. Reshen nan ya zama rassa, rassan suka zama itace guda tsaye, fari fat, ba ɓawo. Sannan wata rana muka ƙetara muka tarar ƙasa ta fito a kewayensa.

Baba na tsaye a bakin ruwa yana jiranmu da sandarsa. Bai gaishe mu ba ma, ya ce, “Ku zo ku raka ni gida.”

Muka bi shi. Laka ta bushe ta daddare, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar ana taka fasassun tukwane, in ka taka da ƙarfi kuma sai ka ji taushi a ƙasa. Wurin na warin danshi da ruɓaɓɓen ganye. Bangon ɗakunan ya narke tuntuni, amma da'irarsu na nan a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan giɓi inda ƙofa take. Duwatsun da ake ɗora rumbu a kai suna nan a jere. Baba bai taka kan ko da'ira ɗaya ba. Yana zuwa sai ya kewaya ya shiga ta giɓin, har yana ɗan sunkuyar da kai, mu ma muka samu kanmu muna yin haka.

Ya riƙa nunawa da sanda. “Nan ɗakin babana. Nan turken jakinmu. Nan innata take niƙa.” Dutsen niƙan na nan kuwa, rabi a binne, da kwarminsa cike da busassun katantanwa. Ya tsuguna ya share su da hannu, ya daɗe yana shafa dutsen. Karensa da ya biyo mu ya tsaya can baya inda tsohuwar gaɓa take, ya ƙi shigowa. Baba ya kira shi, sai karen ya kwanta ya ɗora kai a kan ƙafafunsa.

Rijiyar na gindin kukar, a cikin ɗan kwari. Ruwan dam ya janye ya bar ta da ɗan tafki a kewaye, wanda bai fi faɗin tsakar gida ba, kuma tsakaninsa da sauran ruwan akwai busasshiyar ƙasa mai nisa. Ta cikin ruwan muna hango bakin rijiyar, da'irar duwatsu da gungumen itace a gicciye, har da sawun da igiyar guga ta ci a jikinsa. Kewayen ruwan ɗumi ne mai launin ƙasa, amma tsakiyar baƙi ne. Na yi mamaki, domin rijiyar da ta yi shekaru haka a ƙarƙashin dam ya kamata a ce laka ta cike ta.

Kawu ne ya fara ganinsa. Ya kama hannuna ya matse. Kifin na cikin bakin rijiyar yana kewayawa, jikinsa a lanƙwashe saboda wurin ya yi masa kaɗan. Kewayawa kawai yake yi, a hankali, ba tsayawa. Babu wani kifi ko ɗaya a tafkin, ko ɗan tsako, ko kwaɗo. Da inuwarmu ta faɗa kan ruwan sai ya tsaya, ya ɗago, ya karkata.

Na ce a hankali, “Kawu, ga shi nan fa. Ko da zago, mashin nan na kifi, ka soke shi ka gama.”

Ya ci gaba da kallon kifin. Can ya ce, “Ba haka nake son shi ba.”

Muka koma ba mu gaya wa kowa ba. Amma irin wannan ba ya ɓoyuwa. Masu kiwo suka fara kora shanu ta wurin saboda ɗanyar ciyawar da ta tsiro a lakar, suka gani, suka kai labari. Tafkin kuma kullum raguwa yake, har ya zama ba sauran ruwa sai a cikin rijiyar kanta. Baba ya koma wuni a can. Duk lokacin da muka zo za mu hango shi daga nesa zaune a gindin farar kukar da ba ta da inuwa, shi kaɗai a tsakiyar fili, rana na dukansa. Kawu ya kafa masa 'yar rumfa da zana. Cokalin kuwa ya daina fito da shi.

Wata ranar kasuwa wasu magidanta masu noman rani suka ɗauko injin ban ruwa a kan amalanke suka kewayo ta tudu. Sun yi shawara za su zuƙe rijiyar su kama kifin da hannu. Ba mutanen banza ba ne, maƙwabtanmu ne, kuma da suka iso sai da babbansu ya durƙusa ya gaida Baba ya nemi izini.

Baba ya ce, “Mi kuke tambayata? Ruwa ya amshe ta tun ina da haƙora. Ba tawa ba ce.”

Suka dubi Kawu. Ya kawar da kai.

Aka zura tiyo aka tada inji. A wannan shirun ƙararsa ta cika kwarin, tana dukan tudu tana dawowa. Ruwa ya fara fita, mai sanyi ƙwarai, har wanda ya tara hannu ya janye da sauri. Muka kewaye bakin rijiyar muna leƙe. Muna ganin kifin yana sauka tare da ruwan, yana kewayawa kamar yadda ya saba, farin jikinsa na raguwa a cikin duhu. Aka ƙara tiyo. Da rana ta take tsaka haskenta ya sauka har ƙasa, kowa ya ga gindin rijiyar: baƙar laka, da ruwan da bai fi gwiwa ba. Tiyo ya fara shaƙar iska.

Babu kifi.

Aka kashe injin don a ji ko motsi. Ba motsi. Wani ya jefa dutse, muka ji ya faɗa cikin taɓo. Mutanen nan da suka zo da raha da buhu da adda suka yi cirko-cirko. Babbansu ya ce wataƙila ya nutse cikin laka, sai dai wani ya sauka ya laluba. Kowa ya dubi ɗan uwansa.

Kawu ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini.

Na ce, “Kawu, bar shi mana. Me za ka nema?”

Ya ce, “So nake in sani.”

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, muka riƙe mu da yawa, aka sake tada injin don kada ruwa ya taru. Ya sauka yana taka duwatsun gefe. Ina kallon tsakiyar kansa tana ƙanƙancewa. Da ya kai ƙasa ruwan ya kama shi a gwiwa. Ya sunkuya yana lalube da hannu biyu, ya ɗago da ƙayar kifi cike da tafi ya zubar, ya ɗago da wuyan tsohon tulu ya ajiye a gefe. Sannan ya juya wajen bangon da ke fuskantar dam ya tsaya.

Na kira shi. Muryarsa ta hau sama wani iri, kamar ba tasa ba. Ya ce, “Akwai rami a nan. Ruwa na fitowa.”

Muka ga ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, kuncinsa a jikin dutse. Ya daɗe a haka. Ya zaro hannun ba komai, ya miƙe. A lokacin ne na lura ruwan ya wuce gwiwarsa ya kama cinya, alhali injin na ta aiki. Kafin in buɗe baki ya kai ƙugu. Ban ga wani abu ya motsa a cikinsa ba. Kawu dai ya sandare wuri ɗaya, hannuwansa a sama, fuskarsa ta ɗago tana kallonmu. Sai ya kama igiyar ya girgiza ta.

Muka ja da duk ƙarfinmu. Ya fito jikinsa na ɓari kamar mai zazzaɓi a wannan zafin, jini na bin ƙafarsa ta hagu. Aka kwantar da shi a rumfar Baba aka wanke wurin. A sha-raɓarsa akwai sawun haƙora, jeri biyu, gaba da baya, kowane rami daban, a tsare kamar an yi da basilla. Amma naman bai yage ba ko kaɗan. Duk wanda ke wurin ya taɓa ganin abin da kifin nan ke yi wa karfasa.

Babban manoman ya ce, “Allah ya kiyaye, ka fizge da wuri.”

Kawu ya girgiza kai. Ya ce, “Ban fizge ba. Riƙe ni ya yi, sannan ya sake.”

Baba ya yage gefen mayafinsa ya ɗaure masa ƙafar. Manoman suka naɗe tiyonsu. Kafin su gama ɗora injin a amalanke rijiyar ta cika har baki, ruwan ya kwanta baƙi kamar ba a taɓa shi ba. Na leƙa sau ɗaya ban ga komai ba, ban kuma sake leƙawa ba. Ni na tuƙa kwalekwale zuwa gida a ranar, karo na farko, muna tafe muna karkacewa. Aka kai Kawu wajen mai magani a cikin gari aka yi masa allura aka wanke ciwon. Ya yi makonni yana ɗingishi.

Mutane sun yi ta magana. Masu ilmin abin suka ce idon rijiyar hanya ce ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗe da zurfin dam, kifin ta nan yake shiga yana fita, kuma cizon tsoro ne ya yi don an taka shi. Wataƙila haka ne. Wasu kuma suka faɗi abin da ba zan maimaita ba. Liman ya yi wa Kawu addu'a ya ce ya riƙa yin bisimilla kafin ya shiga ruwa, Kawu ya ce ai bai taɓa shiga ba da ita ba.

Ruwan sama ya sauko da ƙarfi a shekarar, kamar yana biyan na bara. Rafuka suka kawo, dam ya fara hawa. Muna kallo daga wannan gefen filin nan ya koma laka, lakar ta koma ruwa, farar kukar ta riƙa nutsewa har ta koma 'yan rassa. Idona ya yi sauƙi, ƙanena ya fara aiko mini cewa aikin sallah ya taru. A makon ne kuma 'yar Baba ta zo daga Funtua da mijinta. Mutanen daji sun shiga wata rugar makiyaya kusa da tudunsa sun kore shanu, suka ce wannan karon ko yana so ko ba ya so sai ya bi su. Bai yi gardama ba. Ya sayar da awakin, ya ba Kawu karen. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi kan ruwan kafin ya tafi.

Muka ɗauke shi da hantsi, ni da Kawu. Sama ta yi lumshi, ruwan ya yi launin toka, ba iska. Baba na zaune a tsakiya da rigarsa ta zuwa coci da hula, ya riƙe gefen kwalekwale da hannu biyu, domin duk zamansa a bakin dam bai taɓa yarda ya hau ba. Da muka zo daidai rassan Kawu ya sa filafili ya tsayar da mu.

Baba ya naɗe hannun rigarsa. Ya sunkuya ya tsoma hannunsa cikin ruwan har gwiwar hannu, ya buɗe yatsu.

Kawu ya ce, “Baba, fitar da hannunka.”

Bai fitar ba. Ya rufe ido. Na duba ruwan iyakar ganina, ba inuwa, ba walƙiya, sai hannun tsohon kawai yana ɗan lanƙwashewa a ciki. Gumi na tsattsafo wa Kawu a goshi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Wani tsuntsu ya taso daga ƙetare ya wuce ta kanmu, na ji ƙarar fukafukansa sarai.

Sannan Baba ya zaro hannun a hankali. Lafiya lau yake. Ya dube shi gaba da baya, ya shafa ruwan a fuskarsa da ƙeyarsa, ya saki hannun rigar.

Ya ce, “To, mu tafi.”

Kawu ya juya kwalekwale muka kai gaɓa. 'Yarsa na jira da mota a kan hanya, an riga an ɗaure kayansa a sama. Kawu ya riƙe shi ya fito da shi daga kwalekwale. Da ƙafarsa ta taka ƙasa sai na kasa haƙuri, na ce, “Baba, ka ji wani abu?”

Ya tsaya yana gyara hularsa. Ya ce, “Sanyi. Na saman ɗumi gare shi, na ƙasan da sanyi. Rijiyar na aiki.”

Ya kama hannun 'yarsa suka hau tudu. Mota ɗaya muka shiga da su bayan an gama sallama da mutanen gari, ni a gaba, shi a baya kusa da taga. Ya yi barci tun kafin mu hau kwalta, bai farka ba sai da muka shiga Funtua, hayaniyar tasha ta tashe shi. Ya rasu a gidan 'yar tasa kafin wata daminar, aka binne shi a nan Funtua.